Waƙar Ƙoda a Motar Mai Turare

Ku matso kusa, 'yan uwa, yau abin kunya na kwaso, kuma gara ku ji shi daga bakina kafin Gwaggo ta kawo muku shi da ƙarin gishiri. Ga wanda bai san ni ba, ni ce autar gidanmu, ma'aikaciyar jinya sabuwa fil, ko shekara ban yi da fara aiki ba. A gida Auta ake ce min. A makaranta kuwa Mantau, kuma ban taɓa fushi da sunan ba, don ni na san na ci shi.

Gwaggo yayar Baba ce. Tun ranar da na karɓi takardar gama makaranta ta ajiye duk wata sana'a ta kama guda ɗaya, wato aurar da ni. Ɗan takararta kuwa ɗan aminiyarta ne, mai zanen gidaje, wanda ni a raina nake kira Mai Turare, saboda ƙamshinsa ke riga shi sallama. Kada ku ce zan kushe shi. Mutum ne mai natsuwa, ga kunya, ga girmama manya, takalminsa kullum kamar yanzu aka ciro shi daga kwali. Ba ni da abin da zan ce ya yi min. Matsalar dai ita ce in ya tafi ba na tuna ya zo, sai dai labulen falo ya tuna min.

Ranar da abin ya faru aikin safe na yi. Ina cire safar hannu ke nan wayata ta yi ƙara a aljihu. Saƙon murya ne daga Gwaggo, don ita ba ta rubutu, kuma ba ta san ana rage murya ba.

“Auta, ki gyara fuskarki, ga mu a bakin asibitinku. Ɗan albarka ne ya kai ni gwajin ido, na ce ai hanya ce, mu biyo mu ɗauke ki. Kada ki fito min da wannan farar rigar kamar mai zuwa yi mana allura.”

Hanya ce wai. Asibitin ido yana gabas, namu yana yamma, amma wa ya isa ya yi wa Gwaggo lissafin hanya?

Na shiga ɗakin canza kaya na zura doguwar rigata ruwan toka mai ɗinkin zare a wuya, na yafa gyale baƙi, na murza hoda da ɗan jan baki. Duk da haka warin maganin wanke ciwo bai bar hannuna ba. Ina isa motar na tarar Gwaggo ta riga ta koma baya ta baje, ta ɗora jakarta a sauran wurin don kada in ce zan zauna kusa da ita.

“Shiga gaba mana, ni ƙafata ke ciwo,” ta ce, alhali gaban ya fi wurin miƙe ƙafa.

Na shiga. Muka gaisa da Mai Turare, ya tambayi aiki, na ce alhamdulillahi. Muka hau titi. Can ya yi gyaran murya, ya ɗan saci kallona.

“Akwai wata waƙa da nake so ki ji. Duk lokacin da na ji ta, ke nake tunawa.”

Ta madubi na hango Gwaggo tana murmushi har da gyara zama. Ya danna, sai ga sarewa ta taso a hankali, irin mai sanyin nan da ke buɗe wata tsohuwar waƙar soyayya.

To bari in tsayar da motar nan tukuna in mayar da ku baya, in ba haka ba za ku ce aljanu ne suka taɓa ni.

A shekararmu ta ƙarshe a makarantar jinya na kusa komawa gida da akwatina. Karatu nake yi kamar in haɗiye littafin, amma da na shiga ɗakin jarrabawa sai kaina ya zama wayam. Malamarmu mai gilashi ta kira ni ofis ta ce in na sake faɗuwa gwaji ɗaya, sai dai in maimaita shekara. Na fito na zagaya bayan ɗakin gwaje-gwaje, na zauna a gindin wata bishiya ina kuka har da majina. Sai na ji an ce, “Me ya ƙi zama?”

Na ɗago. Wani dogon ɗan ajinmu ne siriri, da silifas kala biyu a ƙafarsa. Rediyo muke ce masa, don tun da ya shigo makarantar ba wanda ya taɓa jin bakinsa a kashe.

Na ce, “Ƙoda.”

“Taki ko ta littafi?”

Na harare shi. Ya zauna nesa kaɗan ya karɓi littafin da ke hannuna, ya duba shafin, ya ce, “Wace waƙa kika fi so duk duniya?”

Na faɗa masa, wannan mai sarewar. Ya rufe ido, ya yi ta kaɗa yatsa a gwiwa, sai kawai ya buɗe baki ya lalata min ita har abada. Ya kwashe kalmomin soyayyar tas ya zubar, ya cusa aikin ƙoda a gurbinsu, kuma abin haushi, ya zauna daram kamar don shi aka yi kiɗan. Kafin la'asar na haddace babin da na yi mako ina dambe da shi. A gwajin da ya biyo baya malama sai da ta cire gilashi ta goge ta sake duba sunana.

Daga nan gindin bishiyar ya zama ajinmu. Ni, da shi, da ƙawata ta ɗaki wadda muke kira Kasa saboda nauyin barcinta. Duk waƙar da ta fito, kafin ta yi mako a gari Rediyo ya kama ta ya yanka. Akwai wata mai zafin kiɗa da ake rawa da ita a ko'ina a lokacin, ita ya ba ƙasusuwan ƙirji. Har yau in na ji ta, abin da nake gani shi ne Rediyo ya sa wa ƙwarangwal ɗin roba na ajinmu hularsa, ya riƙe masa hannu suna taka rawa, yana nuna haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, ajin kuma ana amshi ana buga tebur. Ba wanda ya lura malama ta shigo sai da ta ce, “In kun gama, ango ya mayar da amarya inda ya ɗauko ta.” Ranar shi ya share ajin shi kaɗai, yana shara yana waƙar tsintsiya.

A ɗakin jarrabawa kuwa sai ka ga layinmu kowa leɓensa na motsi, kai na kaɗawa a hankali. Wani sabon mai sa ido ya taɓa yaba mana, wai bai taɓa ganin ɗalibai masu yawan addu'a irinmu ba. Kasa ta kusa shaƙewa.

Amma wadda ta kama ni da gaske wata ce mai sanyi, irin ta rabuwa, da ya ɗora wa matakan wanke ciwo. Ranar farko da aka ba ni majinyaci na gaske, wani dattijo ne mai gyambo a ƙafa. Na ja labule, na buɗe tiren kayan aiki. Malama na tsaye a kaina da alƙalami. Komai ya gudu, ko ta inda ake farawa na rasa. Sai na ji ana turo keken magani ta bayan labule a hankali, mai turawar yana ɗan gunguni da hanci, ba kalma ko ɗaya, kiɗan kawai. Wanke hannu, sa safa, buɗe a hankali, goga daga ciki zuwa waje. Komai ya dawo min. Na gama tsaf, dattijon ya ce Allah ya yi min albarka. Da na fito Rediyo ya riga ya kai ƙarshen ɗakin, ko waiwaye bai yi ba. A nan na san na kamu, kuma kamun ba na wasa ba ne.

Shi fa? Oho. Shekara guda cur mutumin nan bai taɓa faɗa min magana ɗaya a miƙe ba. In na yi kwalliya ya yi wa gyalena waƙa. In na yi fushi ya yi wa fushin waƙa. Da muka gama aka tura shi wani ƙaramin asibiti can nesa, inda sai ya hau tudu yake samun layin waya. Har yanzu saƙonsa bai yanke ba, amma duk waƙa ce: ta akuyar maƙwabcinsa da ta cinye masa sabulu, ta fitilar asibiti mai ɗaukewa, ta sauron garin da ya ce sun san shi da suna. In yi dariya har in yi hawaye, in na ajiye wayar kuma dariyar ta ɗauke, don ban san ko ni kaɗai nake haukana ba.

To mu koma mota.

Sarewa ta gama, kiɗa ya shigo. Na gaji, na jingina kai da gilashi, iskar mota mai sanyi na busa ni. Wallahi ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Sabo ne kawai. Ni ban ma tuna waƙar tana da wasu kalmomi na asali ba. Da muryata mai daɗi, har da jan baƙi, na shiga:

“Ƙoda biyu 'yan tagwaye,
kuna tace jini ba hutu,
mai kyau ku mayar wa jiki,
datti ku tura mafitsara,
in ta cika, sai banɗaki...”

Sai da na maimaita “sai banɗaki” har da lumshe ido, sannan na ji motar ta yi wani irin shiru. Na buɗe ido. Mai Turare ya riƙe sitiyari da hannu biyu, kumatunsa na rawa. Ta madubi kuwa Gwaggo ta saki baki, sabon gilashinta ya zamo har kan hanci.

“Innalillahi! Auta! Mafitsara? A gaban mutane?”

Da ƙasa za ta tsage da na shige har da jakata. Mai Turare ya kasa riƙewa, ya gangara gefen titi ya tsaya, ya kifa kai a sitiyari yana dariya har da tari. Ni ma tun ina toshe baki har ta ƙwace min. Gwaggo kaɗai ke salati tana tafa hannu.

Da ya lafa ya share ido ya ce, “Kai, na daɗe ban yi dariya haka ba. Wa ya tsara wannan?”

“Wani ɗan ajinmu ne,” na ce.

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Amma labarin zuciya a tambayi fuska, ni kaina na ji yadda murmushin ya bazu min har kunne, na kasa tattaro shi. Ya dube ni ɗan lokaci.

“Wani,” ya maimaita a hankali. Ya rage sautin waƙar, ya tayar da mota, muka kama hanyar gida.

A ƙofar gida Gwaggo ta fice fuu ko sallama ba ta yi masa ba. Zan buɗe ƙofa ya ce, “Ɗan tsaya.” Murya ƙasa-ƙasa, ba fushi a ciki. “Ni ba na iya gasa da wanda ban gani ba. In akwai shi, ki faɗa min, ba zan riƙe ki a rai ba. In kuma babu, ina nan.”

Kunyar wannan maganar ta fi ta waƙar kama ni. Na ce to, na shige.

Na tarar har an kafa kotu a falo. Gwaggo a tsakiya ta cire mayafi ta ɗora a kafaɗa, Umma a bakin kujera, Baba da kofin shayinsa da jarida a cinya.

“Yaro ya sa mata waƙa ta mutunci, don ya nuna mata abin da ke ransa, ita kuma ta buɗe baki tana kiran fitsari! Fitsari fa! Ni ina zan sa fuskata in uwarsa ta ji?”

“Yaya, ki yi haƙuri, yarinta ce,” in ji Umma, amma ta cusa fuska a gefen mayafinta, kafaɗunta na girgiza.

“Au, dariya ma kike yi? Da ma ke kika ɓata ta.”

Baba ya kurɓi shayi ya ce, “To ai gaskiya ta faɗa, Yaya. In ta cika ina za a je?”

Nan fa Gwaggo ta juya kansa, ta tuno masa har rashin jin da ya yi yana yaro. Sai da ta gaji ta shige ɗakin Umma shan ruwa, sannan Baba ya ninke jaridar ya nuna min gefensa. Na durƙusa. Fuskarsa ta koma ta gaske.

“Auta, ni ba zan zaɓa miki ba, na faɗa tun farko. Amma ba a rataye ɗan mutane. Iyayen yaron nan sun aiko suna tambaya, ni kuma na gaji da cewa a dakata. Kafin makon nan ya fita ina son amsa. In da wani, ya fito in gan shi. In babu, ki dubi wannan da idon basira, don ban ga aibunsa ba.”

“To, Baba.”

In da wani. Ni kaina abin da nake so in sani ke nan.

Umma ta ce in je in ɗora shinkafa. Ina shiga kicin na tura ƙofa, na ɗora tukunya, na kira Kasa. Sai a kira na uku ta ɗauka, murya a shaƙe, da rana tsaka.

“Mantau, wa ya mutu?”

Na kwashe komai na faɗa mata. Ta yi dariya har na ji wayarta ta faɗi. Da ta ɗauko ta ce, “To ki tambaye shi mana.”

“Ni? Ina mace? In ce masa me?”

“To zauna nan, ki auri turare ki yi ta atishawa. Ke, tun muna makaranta kowa ya gani, har ƙwarangwal ɗin aji ya gani, ku biyu ne kawai makafi.”

“In kuma wasa ne duk a wurinsa fa? In ya mayar da ni waƙa ya tura wa 'yan aji?”

Sai ta ce, “In wasa ne gara ki sani yau, ki yi kukanki ki gama. Kuma ai kin san yaren da yake ji. Ni dai bar ni in koma, na bar mafarki a rabi.”

Na tsaya riƙe da waya, ruwa na tafasa. Na buɗe shafin Rediyo. Na rubuta “Salamu alaikum, ina son magana da kai”, na goge. Na rubuta “Baba ya ce”, na goge. Daga ƙarshe na tuno wata sabuwar waƙa da ta fito kwanan nan, wadda bai riga ya kai hannu kanta ba. Tun da nake ban taɓa tsara ko layi ɗaya ba, ni 'yar amshi ce. Na zuba shinkafa, na rufe tukunya, na matsa jikin taga, na danna naɗar murya:

“Rediyo sarkin surutu,
yau darasin nawa ne, saurara.
Baba ya ce in da wani ya fito,
ga wani can a ƙofa da mota.
Mantau ta manta komai na duniya,
mutum ɗaya ya ƙi mantuwa.
In wasa ne ka ce min wasa,
in ba wasa ba...”

Nan muryata ta karye, na kasa ƙarasawa. Kafin in yi tunanin gogewa yatsana ya saki, saƙo ya tafi.

Na shiga uku. Na ajiye wayar a kan firij na juya mata baya, na ɗauko ta, na sake ajiyewa. Na yi addu'ar Allah ya sa yana can ƙasan tudu ba layi. Ina dubawa na ga alamar ya buɗe. Sai ga rubutu a sama, yana naɗar murya. Ya ɓace. Ya dawo. Ya sake ɓacewa. Mutumin da ke haɗa waƙa kafin ka ƙifta ido, yau shi ne ke ta kai da komo. Na yanka albasa ban san na yanka ba, na zuba gishiri, na manta na sake zubawa.

Can wayar ta yi ƙara. Saƙon gajere ne. Na rage sauti, na kai kusa da kunne, ina jiran kiɗan yatsa a tebur da yake fara kowane saƙo da shi.

Babu kiɗa. Numfashi kawai na ji, da kukan iska a bayansa. Sannan wata murya da ban taɓa ji ba, tasa ce amma a miƙe.

“Mantau... na gwada in amsa da waƙa, ta ƙi. Wannan ba ta waƙuwa. Na daɗe ina so in faɗa, sai tsoro ya kama ni in mayar da ita wasa, don in kin ce a'a in samu wurin ɓuya. Ba wasa ba ne. Ina son ki. Don Allah ki tambayar min Baba ranar da zan zo in gaishe shi.”

Na zame na zauna a kan buhun shinkafa. Dariya nake, hawaye na zuba, daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina. Na sake kunnawa. Na kuma kunnawa.

“Ƙara sautin, ban ji ƙarshen da kyau ba.”

Na zabura. Umma ce tsaye a bakin ƙofa da kofin Baba a hannu, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Na sunkuyar da kai, na miƙa mata wayar. Ta saurara har ƙarshe, fuskarta ba yabo ba fallasa. Ta wuce ta sauke tukunyar da ta fara kamawa, ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska.

“Shi ne mai ƙodar?”

“Shi ne, Umma.”

“Yana sallah?”

“Yana yi.”

Ta dube ni sama da ƙasa, sai murmushi ya suɓuce mata. Ta kama haɓar gyalena ta share min fuska kamar wata 'yar yaye.

“Babanki ni zan faɗa masa. Gwaggonki kuwa, tun da kin iya waƙa, sai ki je ki rera mata da kanki.”

Ban kai ga buɗe baki ba muka jiyo muryar Gwaggo daga falo, tana waya da ƙarfinta yadda ta saba.

“Haba ƙawata, kwantar da hankalinki! Yarinya ta amince, kunya ce kawai irin ta 'yan mata. Ku fara shiri abinku.” Sai ta ɗaga murya har kwanukan kicin suka amsa. “Auta! Zo maza ki gaishe da surukarki, ga ta a waya!”